Hayar Barau, Komai a Ciki

Mutanen Gaya ba sa riƙe alheri, amma abin dariya ba ya ɓace musu. Mutum ya kawo musu ci gaba har ƙofar gida, ya sha wuya a kansa, abin da kawai za su tuna shi ne ranar da ya faɗi a kasuwa. Haka suka yi wa Barau. Kowa ya tashi ba da labarin sai ya karkata shi, don haka bari yau a faɗe shi yadda ya faru, a fita haƙƙin bawan Allah.

'Yan shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai ne, lokacin da babbar sallah take faɗowa tsakiyar bazara. Barau manomin gyaɗa ne, ya ba arba'in baya, yana da gida a kan hanyar kasuwa, da mata mai suna Hansai, da gashin baki wanda ba ya wuce madubin keken kowa bai duba shi ba. Ya taɓa zuwa Kano ya kwana uku a Fagge wurin wani ɗan'uwansa, kuma kwana ukun nan sai da ya shekara yana ba da labarinsu bai ƙare ba.

A can ya gano abin. Ɗan'uwan nasa yana zaune a gidan haya, kuɗi ɗaya yake biya ƙarshen wata, shi ke nan: ruwan famfo a ciki, lantarki a ciki. Barau ya ƙunso wannan a ransa har Gaya, ya sauke shi a gindin ceɗiyar ƙofar gidansa, inda majalisa take zama bayan la'asar.

"Ku dai kuna nan, duniya ta wuce ku," ya ce. "Yanzu ba ɗaki ake bayarwa haya ba, hutu ake bayarwa. Shagon nan nawa na ƙofar gida, irin na birni zan ba da shi. Komai a ciki."

Maiwada, taubashinsa, wanda tun suna yara bai taɓa barin maganar Barau ta sauka ƙasa lafiya ba, ya dubi shagon, ya dubi mai shagon.

"Famfon a aljihu ka taho da shi, bawana?"

"Famfo mene ne in ba ruwa ba? Lantarki mene ne in ba haske ba? Ruwa, itace, gawayi, kananzir, duk a wuyana. Ɗan haya ya shigo da tabarmarsa kawai."

"Kai da ko butar alwalarka Hansai ce ke cika maka."

"Saurara ka ƙaru," in ji Barau, yana murza gashin baki. "Ma'aikacin hukumar En'e zan sa, gwauro. Buta ɗaya ta ishe shi wuni. Abinci a kasuwa zai ci. Ranar Asabar ya hau mota ya tafi garinsu. Ka yanka masa haya mai tsoka, shi kuwa ya sha ruwa kamar kaza. Sannan duk wanda ma'aikaci yake kwana a gidansa, shi ma rabin ma'aikaci ne. Wata rana sai ka nemi iso kafin ka zauna a nan."

Ya shafe shagon da farar ƙasa, ya kafa ƙusa ta rataye riga. Wani wanzami ya zo nema, ya kore shi. Wani mai tallar goro ya zo, ya ce masa bai yi kama da mai komai a ciki ba.

Kwana biyu bayan ƙaramar sallah motar Ajingi ta sauke wani mutum a bakin kasuwa. Farin kaftani ne a jikinsa, ya sha sitaci har yana ƙara in ya motsa, karin guga tun daga kafaɗa har ƙasa, ga alƙalamin bature maƙale a aljihu. Ya tambayi inda ake ba da ɗaki, aka nuna masa ceɗiya. Barau na hango shi ya miƙe, har yana take wa Maiwada ƙafa.

"Ranka ya daɗe, sannu da zuwa. Kai nake jira."

"Sunana Da'u, Baba, daga Ajingi. An ce kana da shago, har da ruwa."

"Har da itace da gawayi da kananzir."

Da'u ya dube shi kamar wanda aka yi wa albishir yana tsoron gaskatawa. "To, Baba, gara in faɗa maka sana'ata tukuna."

"Kar ka ɓata bakinka. Ni kallo ɗaya nake yi wa mutum in karance shi. Kaf garin nan ka tambaya."

"Aikin nawa da cin ruwa fa."

"Ko raƙumi ne kai."

"Gida biyu aka tashe ni a Ajingi saboda ruwa."

"Ajingi," in ji Barau, cikin tausayi. "Nan Gaya ce, Malam Da'u."

Da'u ya ce shi dai an sha yi masa alkawari ana warwarewa, in ba damuwa a yi maganar gaban shaidu. Wannan ta sosa wa Barau rai. Shi za a nema wa shaida? Ya aika aka yi wa Liman Datti magana, ya shiga gida ya buɗe adaka, ya fito da abin da ya fi so duk duniya: rigar tsamiya mai aska takwas, gadon mahaifinsa, wadda ba ya sa ta sai ranar idi, kuma in ya sa ba ya zama don kada ta tattare. Hansai ta biyo shi har bakin danga.

"Malam, ina za ka kai rigar?"

"Harkar maza ce."

"Ka dai tambayi mutumin nan abin da yake yi."

"Na karance shi, na ce miki."

Ya ɗora rigar a cinyar Liman, ya faɗi sharaɗi da bakinsa, ba wanda ya tilasta shi. Daga ranar zuwa jajibirin babbar sallah, kullum duk mazubin ruwan da ɗan haya ya ajiye zai cika shi kafin inuwar ceɗiya ta bar dokin ƙofar shago, don a unguwar da ita ake gane hantsi ya yi. In ya saɓa ko sau ɗaya, riga ta zama ta Da'u. In ya cika, a mayar masa da abarsa ya sa ranar idi.

"Barau, ka ji abin da ka faɗa?" in ji Liman.

"Allah gafarta Malam, a shafa fatiha kawai."

Aka shafa.

Washegari jakuna uku suka iso daga Ajingi. Aka sauke baho huɗu, duro biyu, dutsen guga uku, tukunyar ƙarfe wadda yara biyu za su iya wanka a ciki, da igiya mai tsawon da za ta zagaye masallaci.

"Ma'aikatan zamani akwai tsafta," Barau ya gaya wa majalisa, murya ta ɗan yi ƙasa.

Sai ga ɗan doka da ƙunshin kaki. Sai ga malamin asibiti da nasa. Sai ga malamin haraji a kan keke, ya tsaya ko sauka bai yi ba.

"Da'u, an ce ka dawo nan. Ina farin kaftanina da na ba ka a Ajingi?"

"Ga shi, ranka ya daɗe. Jiya na ɗan gwada shi in ji ko sitacin ya kama. Ga alƙalaminka ma, a aljihu ka manta shi."

Da'u ya fito daga shago da gajeren wando da singileti mai huji uku, ya ɗaura igiyarsa daga ceɗiya zuwa danga. Barau ya matsa kusa da shi.

"Malam Da'u, wai wane ofis ne naka?"

"Wanki da guga, Baba. Ai ka ce ka karanta."

Maiwada ya kwanta a kan tabarma yana shure-shure, sai da aka ba shi ruwa. Barau ya jira ya gama, ya gyara hula.

"Na sani mana. Ku ma'aikaci ɗaya kuke hange. Ni yanzu duk ma'aikatan garin nan a ƙofata za su riƙa tuɓewa."

Makon farko 'yan ga-ruwa suka yi ta safara. Amma zafi na ƙaruwa rijiyoyi na ja da baya, rijiya na ja da baya bakin 'yan ga-ruwa na ƙara tsada. Barau ya sayar da akuya. Ya sayar da jakinsa ya sallame su, sannan ya tuna da jakin ake ɗebo ruwa. Daga nan sai aka fara ganinsa bayan sallar asuba da sanda a kafaɗa, garwa gaba garwa baya, ya nufi rijiyar fadama, inda mata suke layi.

Wata tsohuwa, Iya Hure, ta dafa gugarta ta ƙare masa kallo.

"Malam Barau, Hansai ce ba lafiya?"

"Lafiyarta ƙalau. Wani likita ne a Kano ya ce in riƙa motsa jini."

"Ikon Allah. Garwa bibbiyu ya rubuta maka?"

"Ke dai ja ruwanki, Iya."

"Sau nawa a rana, don in gaya wa nawa tsohon?"

Sau goma sha ɗaya ne, amma bai faɗa mata ba.

Abin da ya fi ci masa rai, tunda Da'u ba ya sayen ruwa ba ya sayen gawayi, sai ya karya kuɗin wanki. Gaya kaf ta tashi da son tsafta. Mutanen da tun haihuwarsu ba a taɓa yi wa rigarsu guga ba suka fara yawo da kari. Maiwada ya kawo barguna biyu a tsakiyar bazara, ya kawo gidan sauro, rana ta uku ya kawo akumarin jakinsa.

"A sa masa bula sosai," ya ce wa Da'u, yana kallon Barau da ke sauke garwa. "Sannu da motsa jini, bawana. Duron can bai cika ba."

Itace kuwa tukunyar sitaci tana cinsa kamar gobara. Da na saye ya gagara, Barau ya fara zarar na Hansai ɗaya-ɗaya daga madafi. Ran nan da azahar ta ajiye masa akushi, ya buɗe ya ga garin dawa kwaɓe da ruwan sanyi, an barbaɗa kuka a kai.

"Wannan fa?"

"Tuwo ne, Malam. Komai a ciki. Wuta ce kawai babu, tana wurin ɗan hayarka."

Barau ba mutumin da dabara take ƙare wa ba ne. Ya lura in Da'u ya tashi don kansa, ba za a ce shi ya saɓa ba. Da la'asar ya same shi yana guga, ya rage murya.

"Da'u, amana ta sa zan gaya maka. Shagon nan akwai mutanen ɓoye. Wanda ya taɓa kwana a ciki kafin kai, da safe a kan ceɗiya aka same shi."

Da'u ya hura garwashin dutsen guga. "Su nawa ne, Baba?"

"Sun kai bakwai. Har da mace."

"To a ƙara min kananzir. Ni in da baƙi a ɗaki ba na kashe fitila."

Kwalba ɗaya ta koma biyu.

Danga ta shiga murhu kara bayan kara, har mai wucewa a hanya yana iya gaisawa da Hansai tana daka. Da danga ta ƙare, Barau ya tsaya ya dubi ceɗiya, ya ga itace tsaye a banza yana ba 'yan zaman kashe wando inuwa. Ya ari gatari ya hau. Kwana biyu yana sara, ya bar ta da rassa uku kamar kan da wanzami ya fara ya gudu. Majalisa ta naɗe tabarmi ta koma ƙofar Maiwada. Barau ya ce dama surutunsu ya ishe shi.

Washegari yana kan garwa ta shida, rana ko ɗumi ba ta yi ba, ya ji Da'u yana kira.

"Baba, a ɗan hanzarta. Inuwa ta kusa barin ƙofa."

Barau ya duba. Inuwar da a da take rufe shagon har hantsi ya dubi ludayi, yanzu 'yar siririya ce, tana janyewa yana kallo. Ran nan da gudu ya ƙarasa, ruwa na fallatsa masa a wando. Maiwada ya leƙo daga ƙofarsa.

"Kai ne mutum na farko a ƙasar Gaya da ya aske agogonsa da gatari."

Barau ya tafi wurin Liman ya ce a sake duba sharaɗi, tunda ceɗiyar yanzu ba ita ce ta da ba.

"Wa ya sauya ta?" in ji Liman.

"Allah gafarta Malam, ba wannan ce maganar ba."

"Inuwar ceɗiya ka ce. Ba ka faɗi yawan ganyenta ba."

A nan ya kamata mutanen Gaya su yaba masa, amma ba sa faɗin wannan. Ya jure. Ya rame, kafaɗa ta yi kanta, gashin baki ya kwanta, amma ko sau ɗaya inuwa ba ta riga shi ba. Har jajibirin babbar sallah ta zo, rana ta ƙarshe. Kayan idin gari guda sun taru a ƙofar shago kamar dalar gyaɗa.

Barau ya ari amalanke, ya ɗaure duro biyu a kai, don ya gama da zuwa ɗaya. Ana sallame asuba ya tafi fadama, ya cika su maƙil, ya turo. Hanya biyu ce zuwa gida. Akwai lungun bayan gari, gajere, shimfiɗaɗɗe, ba kowa. Akwai hanyar kasuwa, mai gangare, wadda ranar take cike da masu sayen ragunan layya. Wata biyu da 'yan kwanaki ana yi masa dariya, yau kuma ya ci nasara a lungu ba mai gani? Ya karya amalanke ya bi ta kasuwa.

A kan gangaren ya tsaya, ya sa dutse a ƙarƙashin taya, ya hau ya tsaya tsakanin duro biyun. Mutane suka fara juyowa.

"Jama'ar Gaya, ku dube ni da kyau. Ina masu cewa Barau ba zai kai ba? Ina Iya Hure? A gaya wa Maiwada gobe ya zo da wuri ya riƙe min gefen riga. Ni in na ce komai a ciki, to komai a ciki. Magana ɗaya nake yi."

Ya buga ƙafa don maganar ta zauna. Dutsen ya fice.

Amalanke ta fara tafiya a hankali, kamar mai tunani, sannan ta yanke shawara. Barau ya rungumi duro ɗaya yana salati. Ta wuce masu tabarmi, ta kwashe teburin mai ƙosai, ta shiga turakun raguna ta tsakiya. Igiyoyi suka tsinke, raguna suka watsu cikin kasuwa, dillalai na bin su da zagi. Taya ta daki turke. Duro ɗaya ya tuntsura ya juye a rumfar mai gishiri, ɗayan ya bi Barau ƙasa ya zazzage masa a ka. Wata biyar Gaya ba ta ga taɓo ba sai ranar, kuma Barau ne zaune a tsakiyarsa. Yana yunƙurin tashi wani rago mai ƙaho ya ja da baya ya ƙarasa aikin.

"Ya motsa jini," in ji muryar Iya Hure daga cikin taro.

Bai tsaya jin mai gishiri ba. Ya ruga gida, rabin kasuwa na biye da shi. A ƙofar shago ya tarar da Liman zaune, riga a ninke a cinyarsa, Da'u a tsaye gefen bahunan da ba ko ɗigo, Maiwada ya kawo kujerarsa tun da wuri. Inuwa ta bar dokin ƙofa da kamar taki ɗaya.

Barau ya waiga, ya ga wani busasshen reshe cikin waɗanda ya sare, ya ɗauka, ya jingina da gindin ceɗiya ya ɗaga shi sama. Wata 'yar inuwa ta faɗa a kan dokin ƙofar, tana rawa.

"Allah gafarta Malam, a duba. Inuwar ceɗiya ce."

"Sauke hannunka, Barau," in ji Liman. "Da ka bar ta yadda Allah ya yi ta, da yanzu kana da lokacin komawa rijiya sau biyu."

Ya miƙa wa Da'u riga. Da'u ya karɓa hannu biyu, ya warware ta gaban jama'a, aska takwas ta sha rana. Ya kai hanci, ya ɗan yamutsa fuska, ya nuna wani jirwaye a ƙirji.

"Tana warin adaka, ga kuma goro a nan. Baba, wa'adinmu sai magariba zai cika. A taimaka min da ruwa in fara da ita, ga kayan mutane kuma suna jira."

Barau ya dubi Liman.

"Riga ta tafi don saɓa lokaci," in ji Liman. "Ruwan yau kuwa yana nan a wuyanka."

Hansai ta miƙo masa garwa biyu da sanda ta inda danga take a da.

Ranar idi Da'u ya fito cikin rigar tsamiya, ta sha wanki da bugu irin wanda ba ta taɓa gani ba tun zamanin mahaifin Barau. Duk inda ya bi sai an juyo. Barau na biye da shi taku uku a baya, cikin tsohuwar taguwarsa ta zuwa gona, in gefen rigar ya kusa taɓa ƙasa sai ya yi gyaran murya. Wani baƙo daga Kademi, wanda bai san abin da aka yi ba, ya taɓa shi.

"Malam, wane babban mutum ne wancan?"

Barau ya murza abin da ya rage na gashin baki.

"Ɗan hayana ne," ya ce. "Haka ake yi a birni. Mu in mun ce komai a ciki, har da riga."